Wayoyin Murhun Narka Ƙarfe

Shekara ashirin da uku Mai Lantarki ya yi a masana'antar narka ƙarfe. Manyan wayoyi biyu ne ke ciyar da murhun, jere a jikin bango, kowace ta kai kaurin damtse. Ɗaya ke kai wuta, ɗaya ke dawo da ita, don haka da an kunna sai maganaɗisun wutar ya sa su ture juna, ka ga sun zabura kamar an tsikare su. Shi ya sa ya ɗaure su da ƙarfe duk bayan taku biyu.

Da aka sayo sabon murhu mai cin wuta ninki biyu, sai aka damƙa aikin a hannun sabon injiniya, ɗan ƙanwar Mai Lantarki, wanda a gidansa ya tashi.

"A ƙara maɗauri," in ji Mai Lantarki. "Wuta in ta ninka biyu, turin sau huɗu yake ninkawa. Ka ma fi ni sanin lissafin."

"Kawu, manaja jibi yake so a kunna. Za su riƙe."

Kwana uku suka riƙe. Da hantsin na huɗu wayoyin suka fizge maɗauran, ɗaya ta yi bulala ta karya wa wani lebura kafaɗa.

Washegari a ofis manaja ya tambayi wanda ya ɗaure su. Injiniya bai ɗago daga takardar gabansa ba.

"Tsohon ɗauri ne, ranka ya daɗe. Ni a haka na same shi."

Mai Lantarki ya buɗe baki, sai maganar ƙanwarsa ta faɗo masa, wadda ta zo tun da safe ido a kumbure: "Yaya, ka rufa masa asiri, yanzu ya fara." Ya haɗiye abin da ya taso masa. A ranar aka karɓe makullansa, aka sallame shi.

Yanzu gyaran fanka yake a wani ɗan shago bakin titi. Ya ji an ƙara maɗauran, har an yaba wa injiniya da hangen nesa.

Wata Asabar motar injiniyan ta tsaya a ƙofar shagon. Ya fito ya rusuna.

"Kawu, ina wuni?"

"Lafiya," in ji Mai Lantarki, yana ci gaba da kwance fanka. Akwai kujera a gefensa, amma bai ɗauke akwatin kayan aikin da ke kanta ba.