Kira Na Uku

A gidan Malam Maikano da ke Sabon Garin Wudil akwai doka ɗaya da ake koya wa yaro tun kafin ya iya ɗaure wando. Idan ka ji an kira sunanka ba ka ga mai kiran ba, kada ka amsa. Ka bari a sake, ka bari a kuma sakewa. Na uku kaɗai ake amsawa, don mutanen ɓoye, in ji manya, ba su da haƙurin kiran mutum har sau uku.

Malam Maikano masunci ne a da. Kogin Wudil ya ci ƙuruciyarsa, da ya gama ya dawo ya ci idanunsa. Tun da ya makance, dokar nan ta zama ita ce katangarsa, tunda shi duk wanda ya kira shi bai gan shi ba.

'Yarsa Barakatu ce ke riƙe da shi. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta dawo gida tana soya kifi a bakin tasha. Kullum da safe sai ta tsaya a ƙofar ɗakin tsohon da kwanon koko a hannu, ta ce, "Baba." Shiru. Ta sake. Shiru. A na uku sai ya ce, "Na'am, Barakatu, shigo." Shekara tara suna haka. Ba mace ba ce mai yawan dariya ko yawan kuka, tun rasuwar mijinta abubuwa suka daina ratsa ta. Amma wannan na'am ɗin tana jin sa, kuma shi kaɗai ya rage mata a duniya.

To, akwai Gwadabe, ƙaninta, autan gidan. Direban motar majigi ne, mai zaga ƙauyuka yana haska wa manoma yadda ake zuba taki. Zamanin kuɗin fetur ne, lokacin da kowane ma'aikaci ya wayi gari yana ganin kansa attajiri. Wasu suka sayi babur, wasu suka ƙara rufin kwano. Shi Gwadabe, da yake kansa ba ya zama wuri ɗaya, sai ya tafi Kano ya dawo da kyamarar ɗaukar fim da na'urar haskawa da rikoda. Ya sami wani sito na gyaɗa da ya zama kango tunda gyaɗa ta mutu, ya toshe tagoginsa da buhuna, ya ce nan ne silimarsa, kuma da la'asar za a riƙa shiga.

Kyamarar ba ta ɗaukar magana, sai dai a kunna kaset a gefe. Shi ya sa wata rana ya sami Barakatu a bakin kasko.

"Yaya, aron muryarki na zo."

"Murya kuma ana aronta?"

"Kalma ɗaya ce. Ki ce Ƙasimu, kamar kina kiran mutum daga nesa."

Ta juya kifinta, ta sunkuya ga akwatin rikodar, ta ce Ƙasimu. Ba ta ma tambaye shi ko wane ne Ƙasimun ba.

Fim ɗin ya sa masa suna Muryar Gindin Gada. Ba aljani a ciki, ba ƙaho ba kofato. Masunci ne kawai, wato Ƙasimun, a cikin kwalekwale, shi kaɗai a tsakiyar ruwa, sai ya ji an kira shi, ya manta ya amsa a kiran farko. Daga nan muryar ta bi shi gida. Yana jin ta a cikin randa, yana jin ta a rijiya, matarsa ba ta ji, maƙwabta ba su ji, har ranar da ya tuɓe takalmansa a bakin ruwa ya shiga bai fito ba. Shi ke nan. Amma wallahi ƙattin da ke kayar da bijimi a kara ranar Juma'a, su ne suka fito daga siton nan suna waiwaye da rana tsaka.

Mutanenmu kuwa, abin da ya tsorata su shi suke komawa. Mutanen Achika suka zo a kan kekuna, na Ɗankaza suka zo a ƙafa. Kafin shekara ta zagayo an yi kashi na biyu. Wannan karon direban babbar mota ne a kan gada, shi yana da wayo, ya ƙi amsa kiran farko, aka sake ya amsa. An kai fim ɗin Gaya, an kai shi Birnin Kudu. Wani Alhaji daga Kano ya shigo da jarinsa, aka fara ɗauka mai kala, aka buga hoton gadar a jikin riguna. Gwadabe ya ajiye aikin majigi, ya fara tumbi.

Wudil ba ta da girman da za a ɓoye murya. Kowa ya san ta Barakatu ce. Da farko abin wasa ne, ta kira mai sayen kifi ya karɓi ƙunshinsa, ya yi shiru yana murmushi sai ta kira sau uku. Daga baya murmushin ya tafi, shirun ya zauna. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu idan ta yi magana. Ita kuwa ba ta yi fushi ba, ta daina kiran mutane kawai, ta koma nuni da yatsa. Kifi dai bai daina sayuwa ba.

Labarin fim ya isa kunnen tsohon ta bakin masu zuwa gaishe shi. Ya saurara sarai, ya ce, "A na nawa suka amsa?"

Aka ce na farko ya amsa a kira ɗaya, na biyu a kira biyu.

"To ai su suka ja wa kansu," in ji shi. "Yaron nan bai yi ƙarya ba. Da sun jira na uku da suna nan."

Matsalar kashi na uku ke nan. Alhajin Kano ya ce ba wanda zai sake shigowa don ya ga abin da ya riga ya gani, sai an taɓa inda mutane suke jin sun tsira. Gwadabe ya kwana biyu yana tunani, ya zo wajen yayarsa.

"Yaya, wannan karon Baba za ki ce. Sau uku."

Ta dube shi. "Ba na kiran ubana a cikin akwati."

Bai yi gardama ba, don mai son abinka ya fi ka dabara. Ya kwana a gidan, da asuba ya ajiye rikodar a bayan ƙyauren tsohon ya rufa mata tsumma. Barakatu ta zo da kokonta ta yi kiran da ta saba, da muryar da ba ta yi wa kowa ita sai mutum ɗaya. Gwadabe ya yanke amsar uban, ya bar kiran.

Wata uku bayan nan, wata Laraba da hantsi, motar tallar kashi na uku ta shigo Sabon Gari da lasifika biyu a kanta. Barakatu tana tasha. Tsohon yana zaune a zaure shi kaɗai, sai ya ji 'yarsa daga waje.

"Baba."

Ya yi shiru.

"Baba."

Ya gyara zama.

"Baba."

"Na'am," in ji shi. Ba wanda ya shigo. Ya laluba sandarsa ya fita, a ransa ko faɗuwa ta yi, ko mai ne ya ƙone ta. Muryar ta sake tashi, amma yanzu ta yi gaba. Ya bi ta. Duk inda ya kai sai ta ƙara gaba, yana amsawa tana tafiya, tana gangarawa wajen kogi.

Indo maƙwabciyarsu, mai sayar da tukwane, ita ta tsince shi bayan azahar a kusa da gada, takalmi ɗaya a ƙafa, rana ta dafa masa ɗaya ƙafar. Samari sun kewaye shi, wani mai dogon baki yana ce masa, "Baba, ai ba Barakatu ba ce, Muryar Gindin Gada ce. Wannan karon sau uku take kira." Indo ta kama bakin sandar tsohon ta ja shi gida.

Da yamma Barakatu ta tsaya a ƙofarsa da tuwo. Ta kira sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ta jira. Ta ƙara na huɗu, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga ciki sai ta ji yana neman tsari daga shaiɗan, a hankali, yana maimaitawa.

Ta shiga ta durƙusa ta ce, "Baba, ni ce. Waccan na'ura ce ta Gwadabe."

Ya ce, "Haka waccan ma ta ce ita ce."

Ta aika aka kira Gwadabe. Ya zo da sabuwar mota da ƙamshin turare, kuma don a faɗi gaskiya, hankalinsa ya tashi da ya ga ƙafar ubansa. Sai dai wayon da ya kai shi Kano shi ya ƙarasa ɓarnar. Ya ce ai abu ne mai sauƙi, a nuna wa Baba yadda akwatin yake aiki, magana ta ƙare. Ya zaunar da Barakatu a gaban tsohon, ya kama hannunsa ya ɗora a kan bakinta.

"Baba, ka ji bakinta a rufe ko? To saurara."

Ya danna rikoda. Muryar ta fito daga can gefen ɗaki, tana kira, tafin hannun tsohon yana kan leɓɓan da ba su motsa ba. Ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi.

"An raba ta da ita," in ji shi. "Muryar tana yawo ita kaɗai. To ina 'yata?"

Suka yi bayani har suka gaji. Liman ya zo ya yi nasa. Tsohon ya saurari kowa da ladabi, ya gode, bai sauya ba. Shi makaho ne, mutum a wurinsa murya ne, kuma wannan muryar ta kira shi sau uku ta kai shi bakin ruwa. Tun daga ranar, da Barakatu ta buɗe baki sai ya toshe kunnuwansa, ya ƙi cin abin da ta kawo. Kwana biyu bai sa komai a cikinsa ba. A rana ta uku ta shiga ba ta yi magana ba, ta ajiye kwano, ta kama hannunsa ta ɗora a kai. Ya ci.

"Indo ce?" in ji shi. "Allah ya yi miki albarka."

Ba ta gyara masa ba.

Haka suka zauna shekara biyu. Ita ke wanke masa kaya, ita ke kai masa ruwan alwala, ita ke yanke masa farce, yana sa wa Indo albarka. Wani lokaci ya kan ba ta labarin Barakatu, yadda take da haƙuri, yadda ruwa ya yi masa sata a tsufansa. Tana ji, tana ninke masa bargo. Ba ta kuka. Ta nemi abin a ƙirjinta ta ga wurin ya yi kanta, kamar hannunta na dama da mai ya ƙone har ya daina jin zafi.

A waje kuwa abin sai gaba yake. An yi kashi na huɗu, an yi na biyar, an haska a Kaduna da Jos. Ba wanda ya sake zuwa aron murya, tunda kaset ba ya tsufa. Gwadabe ya koma Kano da zama, yana aiko da buhun shinkafa, bai cika zuwa ba don ba ya son haɗa ido da ita. Ta kan dafa shinkafar, tsohon yana son ta da mai da yaji.

Cikin damina ta biyu zazzaɓi ya kwantar da shi. Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, ta ga numfashinsa ya sauya, ƙafafunsa sun fara sanyi. Ta san abin da ake yi wa mai barin duniya, ana tuna masa kalmar shahada ne ya bi. Ba kowa a gidan sai ita. Ta sunkuya kusa da kunnensa, ta fara a hankali, da muryar da ta shekara biyu ba ta fitar a ɗakin nan ba.

Da sauran ƙarfin da ya rage masa ya juya fuskarsa bango, ya ɗaga hannu yana neman kunnensa.

Ta yi shiru nan take. Ta tashi ta haura gidan Indo, ta kamo hannunta da yumɓu a jiki ta kawo ta. Indo ta zauna a wajen kansa. Barakatu ta koma wajen ƙafafunsa ta riƙe su.

"Malam, ni ce Indo."

Ya sauke hannunsa. "Indo. Har yanzu Barakatu ba ta dawo ba?"

Indo ta ɗago ta dube ta. Barakatu ta girgiza kai.

"Tana hanya, Malam."

"In ta zo, ki ce mata na jira."

Indo ta faɗi kalmar, ya bi ta. Ta sake, ya sake bi, na ƙarshen da ƙyar aka ji shi. Suka zauna har ƙirjinsa ya daina motsi. Indo ta shafa masa ido, ta ja mayafi ta rufe shi, ta share fuskarta da gefen zane.

"Yanzu kya iya magana," in ji ta.

Barakatu ta duba ɗakin, ba ta ga wanda za ta yi wa ba.