Hanyar Kebbe a Kan Ƙyauren Dikko

A shekarar da aka yanka Jihar Sakkwato, babu mai son zama dara da Dikko a duk Tambuwal. Iyawar ce ta yi masa yawa, ga shi kuma da baki. In ya cinye mutum sai ya bi shi har ƙofar masallaci yana yi masa jaje. Da haka majalisar gindin ceɗiyar tasha ta guje shi. Yana tsugunnawa bakin gurbi, kowa sai ya tuna an aike shi.

Dikko ɗan kasuwar hatsi ne, ya ba hamsin baya, kuma bayan la'asar ba shi da abin yi sai wasa. Wannan gudun da ake yi masa yana cin ransa, amma ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa ba.

Ana nan sai Namadi kafinta ya zo majalisa da magana. A lokacin, kuɗin man fetur ya cika kantuna da lido na ƙasar waje, samari duk sun koma kansa.

"Wanga lido mi a ciki?" in ji Namadi. "Gida fuɗu, kala fuɗu, ka zagaya ka koma ɗaki kamar akuya. Ni da Ni'imatu za mu yi namu."

Ni'imatu ƙanwarsa ce, malamar firamare, ita ce mai lissafin gidansu. Wasan da suka tsara shi ne: kowa direban lori ne, ya ɗauko gero daga Tambuwal zuwa Kebbe da tsakiyar damina, wanda ya fara isa shi ya ci. Ita za ta rubuta dokoki ta yi zane, shi ya yi sassaƙa. Sun sa masa suna Hanyar Kebbe.

Dikko ya ji abin har cikin ƙashinsa. Sabon wasa, wanda ba wanda ya san shi gwani ne a kai! Dole a zauna da shi.

"Yaushe za shi fito?"

"Kafin babbar Salla, Baba Dikko. Katako mai faɗi kawai muka nema. 'Yan kwangilar ajujuwa sun kwashe na gari kaf."

Washegari Dikko ya cire ƙyauren zaurensa, na maɗaci tun na mahaifinsa, ya ɗora a kan jaki ya kai shagon Namadi.

Matarsa Fatsuma ta leƙo ta ga zaure baki buɗe.

"Malam, ina ƙyauren?"

"Ya tafi Kebbe."

"To Allah shi kai shi lafiya. Kai kuma ka tsaya nan ka tare awaki."

Babbar Salla ta zo ta wuce. Sai da aka yi wata takwas Namadi ya kira mutum huɗu gwaji. Suka zauna tun la'asar, kowa da 'yar lorinsa ta itace. Aka kira magariba babu wanda ya wuce gida na goma sha biyu. Wannan ya kafe a laka, wancan taya ta fashe, na uku gada ta karye a gabansa sau biyar.

Ɗanmaliki, wanda shi direban lori ne na gaske, ya ture tasa ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Wanga ba wasa ba ne, aikina ne! In wahala nika so, ga motata can tana jirana."

Namadi ya ɗauki allon wasan ya koma shago, ya ce gyara kaɗan ne.

Gyara kaɗan ɗin ya ci wata huɗu. Da ya kusa ƙarewa, wani malami a unguwar ya ce ƙwayar lamba da ake jefawa a wasan ƙanwar caca ce. Aka sake wata uku kafin Ni'imatu ta ƙirƙiro wata kibiya ta ƙarfen keke da ake juyawa ta nuna lamba. Malam ya zo da kansa ya juya ta sau uku, ya ce gaskiya a duk littattafan da ya karanta bai ga inda aka ambaci ƙarfen keke ba. Sai kuma fataken Jabo suka ji labari, suka ce wane irin wasa ne babu garinsu a ciki? Namadi mai kunya ne, ya lanƙwasa hanya ta bi ta Jabo. Mutanen Sanyinna suka ji.

Duk wannan lokacin Dikko na kare su. Kullum da hantsi sai ya biya ta shagon ya yi sallama ya tambayi jikin wasa, ya zauna ya kawo shawara: a sa 'yan sanda a hanya, a sa mai fura, a sa ɗan kamasho. A majalisa kuwa an sa masa suna Wakilin Gobe. Tumakin unguwa sun mai da zaurensa wurin hutun rana.

Damina ta biyu ta wuce. Wata ranar kasuwa Ɗanmaliki ya same shi yana auna gero a gaban mutane.

"Dikko, na ga ƙyaurenka. Mai shayin tasha ka yanka burodi bisa shi."

Aka fashe da dariya. Ƙarya ce, Dikko ma ya so ya gane ƙarya ce, amma wata biyu ke nan Namadi ba ya bari ya wuce bakin shago, kuma in sun haɗu a masallaci sai ya sunkuyar da kai. Ya ajiye mudu, ya nufi shagon ko takalmi bai gyara ba. Bai yi sallama ba ya ɗaga labulen buhun da ya raba ciki da waje.

Ga ƙyaurensa a kan benci, an kankare shi har ya yi sirara, an sake zane. Namadi da Ni'imatu suna zaune suna wasa su biyu, fuska ba walwala, kamar masu zaman makoki. A gefenta littattafan rubutu na 'yan makaranta guda shida, cike da layi-layi. Babban yatsan Namadi a naɗe da tsumma.

"Baba Dikko," in ji Ni'imatu, "zauna ka gani. Sau ɗari uku da sha ɗaya munka buga shi. Duk wanda ya fara juya kibiya, shi ka ci. Kusan kullum. In munka fito da shi hakanga, kwana uku za ku gane, ku yar."

"To mi ya hana ku faɗi?"

Namadi ya dubi ƙasa. "Kunya. Na ce Salla, ga Salla ta uku na zuwa."

Fushin Dikko ya rasa inda zai sauka. Ya zauna a kan gungume ya ɗauki wata 'yar lori yana juyawa. An yi mata har da ɗan karen mota a baya, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

"Shirunku ya fi jinkirinku ciwo," ya ce. "Kowace Juma'a ku gaya min inda kunka tsaya, ko da baya kunka ci. Ni in kai majalisa."

Haka aka yi. Duk Juma'a bayan an sauko, Dikko zai tsaya a gindin ceɗiya ya ba da rahoto kamar mai karanta labarai a rediyo: an rage laka, an cire gada ɗaya, Sanyinna ta shiga, an gano matsalar kibiya. Ana yi masa dariya, amma ana taruwa. Har Ɗanmaliki ya fara aika gyara, wai ba a canza taya a juyi ɗaya, duk wanda ya ce haka bai taɓa riƙe jak ba.

Bayan kaka ta uku, wata Laraba da la'asar, Namadi ya ɗauko allon a ka ya dire a gindin ceɗiya. Mutane suka yi cincirindo. Dikko ya zauna, Ɗanmaliki ya zauna, malamin nan ya ce shi zai zauna ne kawai don ya tabbatar babu haram.

Wasan ya yi daɗi, ba a magana. Ana ihu, ana rantsuwa, malam ya wuce kowa a Jabo yana kabbara. Dikko ya bi shi ya tsere masa, saura gida biyar ya shiga Kebbe, kibiya ta ajiye shi a wani gida da aka rufe da takarda ba a taɓa nuna masa ba. Ni'imatu ta ɓare ta karanta da muryar aji:

"Ka haɗu da Baba Dikko, ya kawo shawara. Ka rasa juyi uku."

Ceɗiya ta kusa faɗuwa don dariya. Ɗanmaliki ya bi ta gefensa yana yin hon da baki, ya shiga Kebbe. Dikko ya zo na ƙarshe, bayan malam. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga mutum bakwai suna rige-rigen zama kusa da shi, kowa na cewa shi ne zai kara da Dikko.

Namadi kuwa yana tsaye yana ƙanƙance ido.

"Gidan ga na talatin ya yi kusa da gada. Bari in koma da shi, kwana biyu kawai..."

Ya miƙa hannu. Dikko ya tashi ya haye kan allon ya zauna daram.

"Taɓa ka gani."

Allon bai sake komawa shago ba. An yi shekaru ana buga shi da gidan talatin ɗinsa a karkace, kuma duk ranar da aka hango Namadi tafe da abin kankare katako a hammata, sai a tura mutum biyu su tare shi tun daga bakin tasha su ja shi da hira.