Ruwan da Mama Ta Tace

A 1991 aka haƙa wa ƙauyenmu, can bayan Madakiya, rijiyar burtsatse, amma cikin wata biyu mata suka juya mata baya. Shayi ya koma baƙi wuluk, farin zanen zuwa coci ya yi ja. Aka koma rafi, yara suka fara gudawa. Dattawa suka ce ai suna da ɗa: ni Silvanus, mai digirin kemistiri, malami a Kafanchan. Da sunana ake yi wa yaran ƙauyen gori, ban kuma taɓa cewa a daina ba.

Na aika a kawo mini ruwan. Mama da kanta ta cika kwalba ta ba direba. Ruwa garau! Na gwada shi sau uku, ban sami ƙarfen da ke sa ruwa ya yi ja ba, ban sami komai ba. Na aika cewa ruwa lafiya lau, su wanke tukwanensu.

Afiniki ce mai kula da ɗakin gwajinmu, difloma kawai gare ta. Tana ɗauraye kwalabe ta ce, "Oga, wa ya ɗebo ruwan nan? Kwana nawa ya yi?"

Na ce ta ji da kwalabenta.

Ranar Asabar na je gida, sai ga Afiniki a bakin famfo, mata sun kewaye ta. Ashe da sassafe ta hau babur ta zo. Ta buga ruwa a kofin gilashi, ta ajiye a inuwa. Kafin a jima ya gurɓace, ja ya fara kwanciya a ƙasa. Ta ɗiga masa asid da wani magani, ya rine jawur. Ƙarfe ne, mai yawa kuwa. Mata suka saka guɗa. Maganin nan ni na koya mata haɗa shi.

Ta durƙusa ta tambayi Mama yadda ta cika kwalbar.

Mama ta ce, "Ah ah, zan aika ma yarona ruwa da datti? Na bar shi ya kwana biyu a tulu, na tace da sabon ƙyalle, kafin na sa a kwalba."

Haka ake yi a gidanmu, ba a miƙa wa mutum mai daraja ruwan da bai kwanta ba. Ƙarfen duk ya tsaya a ƙyallen Mama. Na san wannan al'adar tun ina yaro, girman kai ne ya hana ni tambaya.

Afiniki ta sa aka huda gindin duro, aka zuba tsakuwa da yashi da gawayi, ruwa ya riƙa shan iska kafin ya ratsa. Shayi ya dawo shayi. Fasto ya ambaci sunanta har sau uku ranar Lahadi, na ƙirga. Ina tafi tare da jama'a, amma kishi na cin raina.

Da zan koma Kafanchan, Mama ta biyo ni bakin hanya da kwalbar ruwan rijiyar gidanmu. Na miƙa hannu da sauri, zuciyata ta ɗan yi sanyi.

Ta ce, "Wannan ban tace ba. Ka kai ma Afiniki, shi duba mini."