Suna Sane Tun Daga Kuantan

Tun muna Kuantan Halliru ya san Inna tana kwance a asibiti tana son ta ji muryata. Ni kuwa da ta haifa, ban sani ba sai da muka zagaye ƙasar Malesiya muka dawo Kuala Lumpur. Da wannan nake farawa, domin duk wanda na ɗauko wa labarin tafiyar nan sai ya tsare ni da tambayar motoci, wacce ta fi gudu, wacce ta fi shan mai, sai ka ce su ne labarin.

To ga motocin, mu wuce wurin. Mu uku ne, gwamnati ta turo mu karatun digiri na uku, kuma ciwonmu ɗaya, son tsofaffin motoci. Halliru yana da wata shuɗiyar mota ƙirar kunkuru da ta girme shi, injinta a baya, tana tafe tana tari. Lawal yana da Fijo irin ta tasha, wai warin kujerunta yana tuna masa hanyar Funtuwa. Tawa Marsandi ce fara mai shan dizal, na saye ta a hannun wani tsoho da ya gaji da tuƙin tasi. Duk Asabar muna bayan wani gareji a unguwar Chow Kit, hannuwa baƙi ƙirin da mai, matanmu na cewa da littattafai muke yi wa wannan hidima da tuni mun gama mun koma gida.

Halliru ne babbanmu. Garinmu ɗaya, ajinsu ɗaya da yayana Ubale a sakandare, kuma shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan. Da ya kare kundinsa ya zama Dakta, sai ya ce kafin ya tattara ya koma lallai mu zagaye ƙasar da motocinmu: mu bi gabar teku ta gabas har Kota Bharu, mu haye duwatsu zuwa Penang, mu gangaro gida. Mun daɗe muna wannan shiri har matanmu suka daina yi mana dariya.

Ni duk Juma'a nake kiran Inna. Na kira ta ranar Juma'ar jajibirin tafiyarmu, ta ce ƙafa ce kawai ke ɗan damunta, ta sa mini albarka. Washegari muka ɗau hanya.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin farkon tafiyar. A hawan Karak kunkurun Halliru ta riƙa jan ciki, manyan motoci na danna mata oda, shi kuma ya fito da hannu ta taga yana ɗaga musu kamar ɗan takara. Duk inda muka tsaya shan mai sai tsofaffin Malayu sun zagaye mu, wannan ya shafa fitila, wancan ya ce irin wannan ubansa ya kai shi makaranta da ita. Mun kwana biyu muna irin wannan shagali kafin mu shiga Kuantan.

Muna zaune a wani mamak, wato ɗakin cin abincin Indiyawa Musulmi, an kawo mana roti da shayi mai kumfa, sai wayar Halliru ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙe, ya fita can bakin titi. Yaya Ubale ne. Daga baya na ji abin da ya ce masa. An kwantar da Inna, jiki ya yi tsanani, amma tana cikin hayyacinta kuma sai ambatona take yi. "Kai ne babba a can," in ji Yaya. "Ka samu lokaci mai kyau ka lallaɓa ka gaya masa, ya kira ta."

Haka muke yi, ai kowa ya sani. Ba a jefa wa mutum mummunan labari ta waya yana uwa duniya. Sai a nemi wani babba da ke kusa da shi, a ɗora masa, shi zai zaunar da shi ya fara da nasiha kafin ya kai ga maganar. Lambata tana cikin wayar Yaya, amma a wurinsa kirana kai tsaye rashin tausayi ne. Kuma tunda ya riga ya ba Halliru amanar, tsallake shi ya zama raini. Ya tara 'yan gida ya ce kada wanda ya kuskura ya taɓa ni da maganar.

Halliru ya dawo ya zauna, ya jawo kofinsa.

"Lafiya dai, Dakta?" na tambaye shi.

"Supervisor ne, wai saura wasu corrections a kundina. Mutumin nan ba ya barin bawan Allah ya huta. Makan, in ji Malayu, ci mana Taju, abincinka zai huce."

Na ci kuwa, har na ƙara. Kafin mu tashi Halliru ya ja Lawal gefe ya gaya masa, suka yanke cewa ba a gaya wa mai tuƙi irin wannan magana, a bari sai mun sauka wuri mai natsuwa.

Wuri mai natsuwa ya zo da kansa. Mun wuce Dungun kaɗan kunkuru ta yi wata ƙara ta mutu a gefen hanya. Muka tura ta garejin wani ƙauye, makanikin ya ce sai an aiko da kayan gyara daga birni. Yini guda cur muka yi a wurin, babu mai tuƙi, babu mai zuwa ko'ina. Ga inuwar bishiya, ga benci, ga teku a gabanmu, ga sabis a waya cike taf. Na ci soyayyen keropok na kifi har ya gundure ni, na miƙe a kan bencin na yi barcina. A daidai wannan lokaci gari ya waye a Kano, Inna tana tambaya ko na kira. Yaya ya sake neman Halliru, Halliru ya ce ya fara shigar mini da maganar a hankali, a ƙara masa haƙuri.

Da na farka na ga ƙanwata Kausar, autarmu, ta turo saƙo ta goge. Na rubuta mata, "Auta, me kika ɓoye?" Ba ta amsa ba. Sai na ɗauki hoton teku na tura mata, na ce ta nuna wa Inna. Har yau in na tuna hoton nan sai in ji abinci ya fita raina.

Lawal dai abin ya tsaya masa a wuya. Ya zo ya zauna kusa da ni yana murza ɗan makullinsa.

"Taju, yaushe rabonka da gida?"

"Juma'a mana. Me ka gani?"

Ya buɗe baki ke nan sai Halliru ya ƙwala masa kira daga ƙarƙashin mota. "Lawal! Zo ka haska min nan, abeg." Lawal ya tashi ya tafi. Mutumin kirki ne Lawal, amma irin kirkin da ba ya tsinana wa kowa komai.

Kayan gyaran suka iso, kunkuru ta tashi, amma ƙarfinta bai dawo ba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya tana lallaɓawa, da an zo hawa sai ta tsaya tana haki. Fijon Lawal da ƙyar take ɗaukar kanta, saboda haka Marsandita ce ta zama jakin tafiya. Muka sayi igiya mai kauri a Kota Bharu. Duk tsawon hanyar duwatsun nan da ta ratsa daji zuwa yamma, ni ke gaba, igiya a tsakani, Halliru a baya yana riƙe da sitiyari. In na duba madubi sai ya ɗaga mini babban yatsa, ni ma in ɗaga masa. Raina fari tas, ina ganin ina yi wa babbanmu hidima.

Ranar Alhamis muna Penang Inna ta cika. Da Yaya ya sanar da Halliru, sai ya shiga masallaci ya daɗe, ya fito idanunsa jajir, ya ce barkonon shinkafar da muka ci ne. Na yi masa tsiya, na ce Dakta guda barkono ya sa shi kuka. Yaya kuma ya ce tunda abin ya riga ya faru, a kawo ni gida gaban iyalina kafin a faɗa mini.

Wannan ɓangaren ban riƙe kowa da shi ba. Ko da an gaya mini a take, kafin in kai filin jirgi an kai ta makwancinta. Ɓoye wa matafiyi mutuwa na san shi, ni ma an taɓa sa ni na yi wa wani. Abin da ban taɓa ji ba shi ne a ɓoye wa mutum uwarsa tana raye tana kiransa.

Ranar Juma'a muka yi salla a Ipoh. Da muka fito na zaro waya na ce bari in gaida Inna. Halliru ya dafa hannuna.

"Bari mu isa gida ka kira a natse. Dubi hadarin can, ka san wiper ɗina ba ta aiki."

Na mayar da wayar aljihu. Ruwa ya tare mu tun kafin mu shiga Kuala Lumpur, muka kutsa cikin cunkoson yamma a jere. Gidan Halliru yana wata unguwa, na Lawal yana wata, amma na ga duk sun biyo ni har titinmu, Jalan Semarak, har gindin benenmu. Na ɗauka rakiya ce. Muka hau tare ina ba su labarin yadda zan wanke mota gobe.

Takalma na fara gani. Sun cika ƙofar gidana sun malalo har bakin matakala, na maza da na mata. Matata Hannatu tana tsaye daga ciki, fuskarta a kumbure, ta kasa haɗa ido da ni. Malam Zahraddeen, wanda ke ja mana salla in 'yan Najeriya sun taru, ya kama hannuna ya zaunar da ni a kan darduma. Ya fara da cewa dukkan mai rai mamaci ne. Bai kai ƙarshe ba na ce, "Inna ce?" Ya ce sai haƙuri.

Aka yi addu'a, aka shafa. Ina zaune, mutane na shigowa suna durƙusawa suna yi mini gaisuwa. A nan ne na ji wani yana yaba wa Halliru. Wai Dakta ya yi namijin ƙoƙari, ya riƙe magana a cikinsa tun daga Kuantan bai bari ta fita ba, ba kowa zai iya ba. Sauran suka ce ƙwarai kuwa, Allah ya saka masa.

Tun daga Kuantan. Na ɗago kai na dubi Halliru, shi kuma ya dubi darduma.

Ban yi magana a gaban mutane ba, ba a haka. Sai da aka fara watsewa na bi shi ƙasa, na same shi tsaye kusa da kunkurunsa, ruwa na ɗiga daga rufin rumfar motoci.

"Dakta, a Kuantan tana da rai?"

"Taju, ka yi haƙuri. Kana tuƙi, hanyar nan ka ga yadda take. Don lafiyarka muka yi."

"A Dungun fa? Wa ke tuƙi a Dungun?"

Ya share ruwa daga gilashin motar da tafin hannunsa.

"Wallahi ban zaci abin zai zo da sauri haka ba. Na ɗauka irin jikin tsofaffi ne, a kwanta a tashi."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Na san halinka," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Da ka ji, ba za ka tsaya a waya ba. Juyawa za ka yi Kuala Lumpur neman jirgi. Mu kuma muna tsakiyar hanya, ga motar nan yadda take. Na ce bari dai mu haye duwatsun."

Da ƙarya ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na tsaya ina kallon mutumin da ya ɗauki akwatina ranar da na zo ƙasar nan. Ya miƙo hannu, na ba shi nawa, domin akwai mutane a bakin ƙofa suna kallonmu. Ya ce Allah ya jiƙanta. Na ce amin, na gode.

Washegari da la'asar, lokacin da na san sun tashi a gida, na kira Kausar. Muka yi kuka mai isarmu. Ta ce ta so ta gaya mini, Yaya ya tsaya a kanta sai da ta goge. Na ce na sani, ba laifinta ba ne. Sannan na tambaye ta abin da ya hana ni sakat tun jiya.

"Auta, Inna ta san ba a gaya mini ba?"

Ina jin hayaniyar masu zaman makoki a bayanta.

"Yaya ya ce mata an gaya maka tun ranar farko, don hankalinta ya kwanta."

"Sai ta ce me?"

"Ta sa na ajiye mata wayar kusa da filo. In ta yi ƙara sai ta ce a duba ko kai ne." Kausar ta ja hanci. "Ranar Laraba da Anti, ƙanwarta, ta fara faɗa, wai wane irin ɗa ne wannan, sai Inna ta hana ta. Ta ce a bar ka, karatu ne ya sha maka kai, in ka samu sarari za ka kira."