Takardar Sallamar Kofur

Shekara talatin da takwas Goggo tana jin magana guda daga bakin mijinta duk ranar da gardama ta kai shi bango. Sai ya gyara zama ya ce, "Ni da na ajiye kaki saboda ke? Ana gab da ba ni sajan na ce a sallame ni, aure zan yi." Daga nan sai ta koma kan keken ɗinkinta. Wa zai ja da mutumin da ya bar igiya uku ta soja ya kama igiya uku ta aure?

Kofur, kamar yadda kowa ke kiransa a layin, ya tsufa, yanar ido ta fara rufe masa gani. Autarsu ta jiyo cewa asibitin tsofaffin sojoji na yin aikin kyauta, in dai an kai takardar sallama. Kofur ya ce ai gara ta cinye ta tuntuni. Bayan kwana uku da aka sake tambaya, ya ce ambaliya ta tafi da ita.

Goggo dai ta san takarda ɗaya ba ta mutuwa sau biyu. Ranar da ya fita aski ta zazzage akwatinsa. A cikin tsohon kwat ɗinsa ta ci karo da wani ɗinki a shafin ciki, manya-manyan tsalle da baƙin zare, irin wanda ba tela da zai yarda nasa ne. Ta sa reza ta farke. Ga takarda nan a ninke, ta yi ja, hatiminta bai goge ba. Ba ta iya karanta harshen da aka rubuta ta da shi ba, don haka ta sa a jaka, ta mayar da ɗinkin ya fi na da kyau.

"An ce mu je kawai, za su duba nasu fayil," ta ce masa.

Ya yarda, don ya tabbata ba fayil ɗin da zai kai shekara talatin da takwas a ofishin gwamnati.

Ofishin ɗaki ne mai benci biyu da fanka mai kuka. Akawun mace ce, ta rataye tabarau da igiya a wuya. Da layi ya zo kansu Kofur ya zauna, ya ja wa Goggo kujerar da ke hagunsa. Ita kuwa ta buɗe jaka ta shimfiɗa takardar a tebur. Duk da yanar idon, ya gane ta. Tari ya sarƙe shi.

"Sallama iri-iri ce, Mama," in ji akawun tana goge tabarau. "Akwai wanda ya cika shekarunsa, akwai wanda ya nema da kansa. Wani kuma, likita ne zai ce ba zai iya ci gaba ba. Wanda aka kora kuwa, ko ƙwayar ciwon kai ba ma ba shi."

"Tasa ta nema da kai ce," Goggo ta ce. "Aure ya fitar da shi."

Akawun ta bi layin da yatsa. "Nan dai ta likita aka rubuta. Igwa ta tashi kusa da shi a wajen atisaye, kunnen hagu ya kusa mutuwa gaba ɗaya. Hali kuma an sa nagari ƙwarai, ba a taɓa hukunta shi ba."

"Karanta min ranar, 'yata."

Ta karanta. Goggo ta lissafa da yatsu a ƙarƙashin tebur. Wata bakwai cur kafin ranar da ya fara shiga shagon babanta da wando a hannu, wai a rage masa tsawo.

Ba wannan ne ya fi tsaya mata ba. Hagu. A falo kujerarta tana hagunsa. A hanya ta hagu yake barinta. A mota ma haka. Duk ƙorafin da ta yi tun tana amarya, wanda yake amsawa da "haka ne" cikin natsuwa har maƙwabta na yaba haƙurinsa, ashe a rijiya take zubawa.

Ta matsa kusa da kunnen, ta ce a hankali, "Jiya na sayar da rediyonka."

"Haka ne," in ji Kofur, idonsa na kan fanka.

Akawun ta ɗaga fayil ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Baba, tunda a bakin aiki ka samu raunin, kana da haƙƙin abin ji na sawa a kunne. Shi ma kyauta ne."

"Ido kawai ya kawo mu."

"Rubuta mana duka biyun," Goggo ta ce.

A baranda, suna jiran a buga kati, ta zagayo ta zauna a damansa. Ya daɗe yana murza hularsa.

"Da na ce wa babanki ga ni ba aiki, ga rabin kurma, zai ba ni ke?"

"Ba zai ba ka ba."

"To, kin gani."

"Ni fa? Shekara nawa ina tare da kai?"

"Na so in faɗa miki a shekarar farko. Sai na ga abin yana da amfani."

Dariya ta taso mata, ta danne ta da bakin mayafi. Ta tuna saurayin nan mai wando a hannu, yana karkata kai in babanta na magana, ita kuma tana ɗauka ladabi ne.

"Sajan ɗin fa?"

"Wannan kam sai da aka yi maganarsa."

"Wa ya yi?"

"Ni."

Aka yi aikin ido lafiya, aka saƙala masa abin ji. Kwana biyu yana mita wai gidan ya cika hayaniya, keken ɗinki kamar injin niƙa. A rana ta uku ya ɗauki sifana ya gyara famfon tsakar gida da Goggo ta shekara shida tana cewa yana ɗiga. Kafin mako ya zagayo ya sa wa ƙofar kicin mai, ya kuma kai ta gidan ƙanwarta da ya daɗe yana cewa ba a taɓa gaya masa ta yi ciwo ba.

Goggo ba ta faɗa wa yaran komai ba. Takardar tana cikin akwatin zarenta, kuma Kofur ya san wurin. Da autar ta zo ta tarar da shi kan tsani yana canza ƙwan fitila, ta ja uwarta gefe ta ce, "Goggo, me ya samu Baba?"

Goggo ta ciji zare ta ce, "Likitan idon nan ya san aikinsa."