Gonar da ke Fuskar Lauratu

Tun tana ƙarama ƙarambau ya yi wa Lauratu aika-aika a fuska, ƙurajen balaga kuma suka zo suka ƙarasa abin da ya rage. Kumatunta duk ramuka ne ƙanana. Yaran unguwarsu ta Umbadda, da yake bakinsu ba linzami, suka sa mata suna Tanda, sunan kuwa ya bi ta har shagon turaren da take aiki a kasuwar Suk al-Arabi. Ta girma tana dariya in an faɗa, amma abin yana cinta a rai. Duk wanda ya ce maka ya saba da ba'a, ƙyale shi kawai, bai faɗa maka gaskiya ba.

Mutum ɗaya ce a duniya take son fuskar nan yadda take, wato mahaifiyarta, Inna Bakhita. Tsohuwar ta yi ƙuruciyarta tana tsinkar auduga a gonakin Jazira. Yanzu ido ya tafi, kunne ya yi nauyi, hankali kuma yana zuwa yana komawa. Murya ba ta ƙara rarrabe mata mutane, sai dai ta miƙa hannu ta shafa fuskar wanda ya zauna kusa da ita. In Lauratu ce, sai yatsun su yi ta yawo a hankali, tsohuwar tana magana ƙasa-ƙasa: "Ga ramukan shuka. Ga inda ruwa ke kwanciya. Ke ce, Lauratu. Kawo abincin." Ba ta karɓar loma daga hannun kowa sai nata.

Hanadi, 'yar kawunta, ita ta kawo labarin wata likitar fata a Hartum mai suna Nada. Wai tana da wani abu kamar alƙalami mai kauri, bakinsa cike da allurai sirara kamar gashi. Ana bi da shi a kan fata ana hudawa ƙanana-ƙanana, sai jiki ya tashi gyaran raunin, a cikin gyaran nan ramuka su riƙa cikowa.

"A huda ni don in warke?" in ji Lauratu.

"Ke dai je ki gani," Hanadi ta ce. "Ni zan zauna da Inna."

Ɗakin likitar fari ne, da sanyi, babu hayaniyar kasuwa ko kaɗan. Diktora Nada ta shafa mata wani mai da ke kashe jin zafi, ta ce ta rufe ido ta jira. Can sai fuskar ta yi nisa da ita, kamar ta wani ce aka ba ta ajiya. Alƙalamin alluran ya fara kuka a gefen kumatunta, siririn kuka irin na ƙudan zuma. Lauratu ba ta taɓa taka Jazira ba, amma a kan gadon nan ta gan ta. Ta ga gona shimfiɗe har ƙarshen ido, ruwa yana tafiya a magudana ba ya sauri, auduga ta fashe fari fat. Ta ga wata budurwa mai idanu garau tana tafe tana saran shuka, tana zuba iri, tana rufewa da diddige. Ta san Inna ce. Ta so ta kira ta, bakin ya ƙi buɗewa, kuma ba ta damu ba, don daɗin wurin ya ishe ta.

Ta tashi da fuska ja tana zafi-zafi. Likitar ta ce ta guji rana, ta guji dilka, kada kuma ta bari hannu ya taɓa wurin sai ya huce. Lauratu ta ja tob ɗinta, wato lafayarta, ta rufe kumatu. A kan gadar komawa Omdurman, inda unguwarsu take, ta jingina da tagar mota tana kallon inda manyan kogunan birnin guda biyu suke haɗuwa, kowanne da launinsa. Ta daɗe rabonta da jin zuciyarta sakayau haka.

A gida ta riƙa kauda fuska tana miƙa wa Inna goshi kawai, har wurin ya huce. Wata ya zagayo ta koma, ya sake zagayowa ta sake komawa. Duk zuwa sai ta ga gonar nan, duk dawowa ramukan sun ƙara cikowa. Ran nan wata mata ta shigo shago sayen humra, ta yi ciniki har ta gama tana kallon Lauratu ido cikin ido, ba ta saci kallon kumatunta ba ko sau ɗaya. Lauratu ta shiga bayan kanta ta yi hawayen murna. Hanadi kuwa har tsokana take: "Tandarmu ta zama faranti."

Wata ranar Juma'a da rana Lauratu ta kawo tuwon asida da miyar kuɓewa ƙarƙashin rumfa, ta zauna a bakin gadon Inna ta miƙa fuska. Yatsun suka hau kumatun dama, suka zame. Suka koma na hagu, suka zame. Suka tsaya.

"Sannu, yarinya," in ji tsohuwar cikin ladabi. "'Yar gidan wa ce ke?"

"Ni ce, Inna. Lauratu."

"Allah ya yi miki albarka. Ajiye abincin, in Lauratu ta dawo za ta ba ni."

Lauratu ta ɗaga murya, ta faɗi sunan mahaifinta, ta rera waƙar da Inna ke mata tana goye, duk a banza. Tsohuwar ta juya ta fuskanci bango. Washegari ruwa kawai ta kurɓa. Kwana na gaba Hanadi ta lallaɓa ta da shayi, tsohuwar ta sha kaɗan ta ture kofin, ta ce wai a duba hanya ko yarinyar ta ɓata. Tsoro ya kama Lauratu sosai, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Uwarta na ramewa a gabanta, tana jiran ta, ita kuwa ga ta zaune da kwano a hannu.

Da safe ta haye gada ba tare da ta ko kalli ruwan ba.

"Diktora," ta ce tun kafin ta zauna, "za ki iya mayar mini da su?"

Likitar ta ɗauka wasa ne. Da ta ji labarin sai ta ce fata ba ta komawa baya. Sannan ta jawo fitila, ta ɗage bakin ɗankwalin Lauratu, ta tura gashin da ke gaban kunnen hagu gefe. "Saura wannan mai taurin kai," ta ce. "Yana da zurfi, gashi ya ɓoye shi. Shi na yi niyyar bi a zuwanki na gaba."

Lauratu ta kai yatsa ta taɓa. Rami ne ɗan ƙarami, ƙwayar dawa za ta zauna a ciki. Ta miƙe tsaye.

"Bar shi, Diktora. Wannan na Inna ne."

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta iso Umbadda. Inna na kwance a rumfa yadda aka bar ta. Lauratu ta ɗumama asida, ta zauna, ta ɗauki hannun tsohuwar, mara nauyi kamar busasshen kara, ta kai babban yatsan gaban kunnenta ta ajiye. Yatsan ya zauna shiru. Can ya motsa, ya zagaya bakin ramin, ya shiga, ya fito, ya sake shiga.

"Lauratu?"

"Na'am, Inna."

"Ina kika shiga haka? Wata yarinya suka ajiye mini, mai hankali ce ƙwarai, kullum tana nan tana kuka. Na ji tausayinta, amma na ce ke nake jira." Ta yi ajiyar zuciya, yatsan bai bar wurin ba. "Yunwa nake ji. Kawo abincin, ki ɗiba mata ita ma."