Sifirin Tifa a Motar Ƙwai

A duk direbobin a-kori-kura da ke layi a bakin kasuwar Tudun Wada, babu wanda Allah ya rufa wa asiri kamar Nagoda, kuma kowa ya san haka sai shi. Rumfar da nake sayar da tayoyi tana kallon layin nasu, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Aikinsa ɗaya ne, dakon ƙwai. Hajiya Juwairiyya, mai gidan kaji a bayan Hanwa, ita ta riƙe shi. Kullum da safe ya ɗauko kiret-kiret ya sauke wa masu shayi da masu shaguna a unguwar Kongo, kafin azahar ya dawo ya miƙe ƙafa a inuwa, sauran kuwa suna nan suna cacar baki a kan wa zai ɗauki katifar ɗalibi. Kuma ba don kyan fuskarsa Hajiya ta zaɓe shi ba. Motarsa ce. Sifirinta na baya ya tsufa ya yi laushi, in ta faɗa rami sai ta lotsa a hankali ta taso a hankali, ƙwai ko motsi ba ya yi.

To, mutum ya samu irin wannan, sai ya riƙa jin kunya. 'Yan layi sun sa masa suna Uwar Kaji. Mai ja musu baki shi ne Sabo, wani siririn direba mai dariya da haƙori ɗaya, wanda motarsa ta fi kowacce zaman banza.

“Uwar Kaji, yau nawa kika saka mana?”

“Sabo, ka kiyaye ni.”

“Ni me na ce? Mota ce dai in an ɗora mata buhun siminti biyar sai ta durƙusa ta gaishe ka. Maza na ɗaukar kaya, kai kana lallaɓa ƙwai kamar mai jego.”

Na san idon mai yunwa in na gan shi. Sabo ba wasa yake yi ba, aiki yake yi. Amma Nagoda irin mutanen nan ne da in ka zage su sai su je su yi maka abin da kake so.

Ran nan ya shigo rumfata yana hura hanci.

“Baba Muntaka, a samo min tayoyin baya masu kauri. Siminti zan fara ɗauka da yamma.”

“Ƙwan fa?”

“Da safe mana. Motar da ta ɗauki siminti, ƙwai ne zai gagare ta?”

Na dube shi. Mutum da gemu, da 'ya'ya a makaranta. Na ɗauko masa tayoyin. Ni ba ubansa ba ne, kuma ba a buɗe rumfa don wa'azi ba.

Daga nan ya wuce garejin Onyekwere, mai kayan mota da ke bayan layinmu. Shi ma ya tambaye shi, don ina jiyo su.

“Nagoda, ba kai ne mai ƙwai ba? Wannan da kake nunawa fallen sifirin tifa ne fa.”

“Shi nake so, Oga. A cire wannan lagwanin gaba ɗaya, a ɗaura sabo, a ƙara masa falle biyu na tifar.”

“Tsohon fa?”

“Ka jefar. Ko ka ba masu gwangwan.”

Da motar ta fito, bayanta ya ɗaga sama kamar kunama ta ji taɓi. Sai an yi tsalle ake hawa. Da yammar nan ya samu dakon siminti zuwa wani gini a Dutsen Abba, ya bi ta gaban layi da gangan, yana tafe yana danna ham. An lafta mata kaya har sun fi kan motar tsawo, bayan ko gezau. 'Yan layi suka tashi suna tafi. Sabo ya fi kowa ihu.

“Namiji! Yau Uwar Kaji ta zama zakara!”

Nagoda ya leƙo ta taga yana washe baki kamar an naɗa shi sarauta.

Washegari da safe ya je Hanwa. Ƙwai kuwa ba nauyi gare shi ba, cika ido kawai. Sifirin da aka yi don yashi da dutse bai ma san an ɗora masa komai ba. Kowane rami, motar sai ta yi tsalle kamar jakin da aka tsikara. Shi yana gaba, kansa na bugun rufi, wai a ransa ƙarfi ke nan. Maimakon ya wuce Kongo kai tsaye, sai ya sake biyowa ta layi don a ƙara kallonsa.

An kuwa kalle shi. Ruwan ƙwai na zuba ta ƙarƙashin ƙofar baya, rawaya shar, ya ja layi a kwalta tun daga inda ido ya tsaya. Ƙudaje har sun rigaye shi isowa.

Yana tsaye yana ɗaga kiret ɗaya bayan ɗaya, ko zai samu wanda ya tsira, sai ga Hajiya Juwairiyya ta sauko daga Keke Napep. Masu shayi sun dame ta da waya, ba su ga kaya ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta leƙa bayan motar, ta toshe hanci da gefen mayafi.

“Malam Nagoda, hatsari ka yi?”

“A'a, Hajiya. Gyara na yi.”

“Gyara.”

“Wallahi yau ɗin nan zan mayar da tsohon sifirin. Gobe ki gani, kamar ba a yi ba.”

Na ga alamar za ta haƙura, don shekarunsu tare da yawa. Sai Sabo ya matso, hula a hannu, murya ƙasa-ƙasa kamar mai ta'aziyya.

“Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ba don komai ba, ki ɗan danna bayan tawa ki ji.”

Ta sa tafin hannu ta danna. Motar Sabo ta lotsa a hankali, ta taso a hankali. Ta sake dannawa.

“Ai irin wannan nake nema.”

Nagoda ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi. Ga sifirinsa nan ɗaure, har da jar robar da shi da kansa ya naɗa a jiki don hana ƙara. Tun jiya da yamma, yana can yana busa ham a Dutsen Abba, Sabo ya je wurin Onyekwere ya karɓo shi a kuɗin gwangwan.

“Sabo, ai sifirina ne wannan!”

“Na tifa dai naka ne, Zakara. Wannan jefarwa ka ce a yi.”

Hajiya ta riga ta buɗe gaban motar Sabo ta zauna.

“Mu je, Malam. Akwai na jiya da ban fitar ba.”

Yanzu Nagoda yana layi tare da kowa. Siminti yakan samu jefi-jefi, in manyan motoci sun rage. Shekaranjiya na ji shi yana rantsuwa a kan wata katifar ɗalibi, wai shi ya riga zuwa.